“Ai ɗan targaɗe ne”: yadda kumburin hannu ke tashi da yadda yake sacewa

Bara, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, ina sauke jarkokin ruwa daga bayan mota a ƙofar gidanmu a nan Makka, sai ɗaya ta suɓuce ta tanƙware mini yatsan da nake sa zobe a hannun dama. Ba ƙara, ba jini. Na yarfe hannu na ci gaba da jido. Kafin a kira Magariba gaɓar tsakiyar yatsan ta cika tim, har tana sheƙi.

Gwaggona da ta raine ni ta duba ta ce, “Jini ne ya taru, ɗan nan. Bari in ɗora ruwa a gasa maka.” Aka gasa da tsumma, aka murza man zafin nan Abu Fas. Maƙwabcinmu da ya shigo gaishe ta ya ce, “Malam, miƙo nan in ja maka shi ya koma mazauninsa.” Na miƙa, ya ja, sai da na ji shi har tsakar kaina. Babu wanda ya tuna da zoben, har ni mai shi. Da asuba azurfar ta nutse cikin nama, kan yatsan ya yi sanyi, sai a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka yanke ta da wata 'yar zarto. Aka yi asha'a, wato hoton ƙashi, likita ya ce ba karaya, jijiyar da ke riƙe da gaɓar ce ta ɗan yage. Na yi hamdala, a zatona mako guda na manta da zancen. Sai da na yi wata 7 kafin yatsan ya dunƙule daidai da 'yan'uwansa.

Abin da na tsinta a watannin nan, daga bakin likita da masu gashin ƙashi na asibiti, shi ne mu lissafin muke juyawa. Ranar da hannu ke so a ƙyale shi a ɗaga shi sama, ranar muke gashi da murza da ja. Ranar da kuma yake so a fara motsa shi, sai mu naɗe shi mu rungume kamar jinjiri, mu yi makonni muna lallaɓawa. Ba duk magungunan gida ne banza ba, lokacinsu ne muke saɓawa.

Kumburi biyu ne ke haɗuwa a wuri ɗaya. Na farko jini ne. Idan nama ya daku ko jijiya ta yage, ƙananan hanyoyin jini da suka fi gashi siranta sukan fashe, jinin ya tsiyaya cikin nama. Gwaggo ta yi gaskiya a nan. Na biyu kuwa jiki ne da kansa yake kawo shi. Naman da ya ji rauni yana sakin wasu sinadarai, irin su histamin, su buɗe hanyoyin jinin wurin, su sa bangonsu ya riƙa tsatsafo da ruwa mai kauri. Cikin ruwan nan fararen ƙwayoyin jini suke shigowa: rukunin farko su far wa ƙwayoyin cuta, na biyu su kwashe mataccen nama su share fili, sannan masu saƙa sabon nama su iso. Ɗumin da kake ji yawan jinin da aka turo ne, zogin kuma matsi ne da ruwan ke yi a wurin da ba shi da fili. Tun ƙarni na 1 Miladiyya wani marubucin Rumawa mai suna Selsus ya lissafa alamomin nan huɗu, ja da zafi da kumburi da ciwo, har yau kuma su ake koya wa ɗaliban likitanci.

Wannan aiki ba ya ƙarewa a dare ɗaya. Kumburin yakan kai maƙura tsakanin awa 48 zuwa 72, don haka idan hannunka ya fi cika a rana ta biyu, wannan kaɗai ba ya nufin abin ya lalace. Wanda ke neman a sake dubawa shi ne kumburin da ke ƙaruwa a rana ta huɗu da ta biyar, ko wanda ya fara sacewa sannan ya dawo da zafi.

Alamar farko ta Selsus, wato ja, ba ta cika bayyana a baƙar fata ba, kuma wannan yana ruɗar mu, yana ruɗar wasu ma'aikatan lafiyan ma. Dabarar ita ce ka jera hannuwanka biyu a kan cinya ka kwatanta. Duba 'yan layukan nan na fatar gaɓa, ko sun ɓace. Duba sheƙi. Taɓa da bayan ɗaya hannun ka ji bambancin ɗumi. Ga mata kuma akwai lalle, wanda ke rufe launin fata da na farce gaba ɗaya, za mu dawo kansa.

Me ya sa hannu ya fi sauran jiki shan wahalar kumburi? Cinya za ta shanye ruwa kofi guda ba ka sani ba, yatsa kuwa cokali ɗaya ya ishe shi ya ƙage. Ƙashi 27 ne a hannu ɗaya: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu, duk a cushe a ɗan wannan fili. Su yatsun babu tsokar da ke motsa su a cikinsu. Tsokokin suna sangalin hannu da tafi, suna jan yatsun ne da dogayen jijiyoyi masu zarya cikin kube, kamar wayar birkin keke cikin robarta. To ruwan kumburi ba ruwan famfo ba ne, yana da yauƙi. Idan ya daɗe kwance ba motsi sai ya kama jikinsa kamar kokon da ya huce, daga baya ya zama tabo a ciki, ya manne jijiya da kubenta. Da yawan yatsun da suka sandare, ba raunin farko ne ya sandarar da su ba, ruwan da aka bari ya kwanta ne.

Akwai wani abu kuma da ke yaudarar ido. Fatar tafin hannu a ɗaure take tam da abin da ke ƙarƙashinta, ta bayan hannu kuwa sake take. Saboda haka ko ƙaya ce ta shiga tafi, a bayan hannu kumburin zai fito, sai a yi ta shafa magani inda ba nan ciwon yake ba.

Tunda an ambaci jijiya: mu da kalma ɗaya muke kiran abu huɗu, likita kuwa da Larabci yakan rarrabe, kuma sanin bambancin yana da amfani idan kana gabansa. Watar ita ce igiyar da ke jan yatsa. Ribaɗ ita ce mai ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, ita ce ke yagewa a targaɗe. Asab ita ce mai kai ji, idan ta taɓu wurin yakan mutu ko ya riƙa tsikari. Ta jini kuma daban. Idan ya ce maka watar ta tsinke, wannan maganar ɗinki ce, ba ta man shafawa ba.

Abu na farko bayan rauni, kafin ruwa, kafin magani, shi ne cire zobe, da agogo, da awarwaro, ko da ba yatsan zoben ne ya bugu ba, domin kumburi yana yaɗuwa. A mintocin farko zobe zai fita salin alin, bayan awa biyu sai da dabara. Idan ya riga ya maƙale, a ɗaga hannun sama na 'yan mintoci, a sanyaya shi, a shafa sabulu. Idan ya ƙi, a zura zare ta ƙarƙashin zoben, a naɗe yatsan da shi layi-layi har a wuce gaɓa, sannan a warware daga gindi, zoben zai riƙa hawa kan zaren yana fita. Ba a yin wannan idan yatsan ya karkace, ko ya tsage, ko kansa ya mutu. Nan kam yanka ne kawai. Na san Hajiyoyinmu da zinari, ana jin yanke shi kamar yanke naman jiki, amma maƙeri yana liƙe zobe ya koma kamar ba a taɓa ba, yatsan da jini ya daina zuwa masa kuwa babu mai liƙe shi.

Na biyu shi ne ɗagawa, kuma shi ne maganin da ya fi araha, shi ne kuma aka fi rainawa. Ruwan da ya taru a hannu gangara yake so ya koma ƙirji, mu kuwa yini muke hannu na reto ƙasa. Hannun ya zama sama da zuciya: a dafa kafaɗar ɗaya gefen idan ana tafiya, a jingina gwiwar hannu a kan matashi yatsu na kallon sama idan ana zaune, da dare a ɗora shi kan filo biyu. Ratayar nan da ake yi da gyale, hannu na lilo wajen cibiya, ba ɗagawa ba ce, ƙasa da zuciya yake.

Ƙanƙara tana da labarinta. Wani likitan 'yan wasa a Amurka, Gabe Mirkin, shi ne a 1978 ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗagawa, duniya ta karɓa. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa, tunda kumburin da ake ƙoƙarin kashewa shi ne mafarin gyara. A ganina abin da ya rage wa ƙanƙara shi ne aikin rage zogi, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ya kasa barci. A naɗe ta a tawul, minti 15 zuwa 20, a huta awa biyu ko uku, a kwana biyun farko kawai. Kada a ɗora ta tsirara a fata. Mai sikila ya bar ta gaba ɗaya, domin sanyi yana tayar masa da ciwo, haka ma mai ciwon suga da jin yatsunsa ya ragu.

Gashi kuwa, a kwana biyu zuwa ukun farko, ƙara buɗe hanyoyin da ke yoyo ne. Murza tana farfasa ɗan jinin da ya fara daskarewa ya toshe ɓarakar. Shi man zafi, ko Abu Fas ne ko Robb ko Vicks, fata yake ruɗawa da sanyi-sanyi da zafi-zafi har ka ɗan manta da zogin ciki. Ba ya haɗa jijiya, ba kuma shi ne babban mai laifi ba, hannun da ke murza shi da ƙarfi ne. Kada dai ya taɓa buɗaɗɗen rauni. Gashin Gwaggo yana da ranarsa, tana nan tafe.

Jan yatsa fa? Gaskiya ne idan gaɓa ta goce da ja ake mayar da ita, amma bayan an ga hoto an san gocewa ce. Idan tsagewar ƙashi ce, ja yana iya raba abin da yake zaune lafiya, ƙaramar karaya ta koma mai neman aiki. A yara abin ya fi hatsari, domin kusa da gaɓoɓinsu akwai wurin da ƙashi ke tsiro, ya fi jijiyar da ke kewaye da shi rauni, sau da yawa abin da ake kira targaɗe a yaro karaya ce a wannan wuri.

Sai ɗauri. Ban raina maɗora ba, ko namu na gida ko mujabbir na nan, mutane da yawa sun warke a hannunsu, tunda karaya mai sauƙi idan aka tsayar da ita ƙashi da kansa yake haɗewa. Matsalar biyu ce: ba sa ganin ciki, kuma ana ɗaure hannu tam a ranar farko alhali kumburin bai gama tasowa ba. Gobe naman ya cika, ɗaurin bai saki ba, jini ya rasa hanya. Tun 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda matsattsen ɗauri ke kashe tsokar hannu, yatsu su ƙanƙame har abada. Wannan bai tsaya kan karan maɗori ba, bandejin saidaliyya, wato kantin magani, ma yana yi, jibs ɗin asibiti, wato simintin ɗaurin karaya, ma yana yi. Alamarsa ciwo ne mai ƙaruwa wanda ya fi ƙarfin raunin, magani ba ya taɓa shi, da yatsu masu sanyi ko tsikari. A danna farce har ya yi fari a saki, ya kamata jini ya dawo cikin daƙiƙa 2. Mai lalle a farce ta gwada da ɗan wurin da lallen bai kama ba, ta kuma dogara da ɗumi da ji, ta kwatanta da ɗaya hannun. Idan ana shakka a kwance ɗaurin nan take, idan jibs ne a koma ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, a daren, ba a jiran safiya.

Maganin sha ba shi da tsawon bayani. Panadol ya isa ga yawancin irin wannan rauni, babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a kuma tuna magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Brufen da Voltaren suna rage zogi da kumburi, amma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, sai da izinin likita. Wanda ya yini cikin zafin Makka yana zufa, ko mai azumi da bai sha ruwa sosai ba, ya yi hattara da su, domin ƙoda ce ke ɗaukar nauyin. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba ruwansa da targaɗe. Tun 2018 aka tsaurara dokar hana sayar da shi ba takardar likita a ƙasar nan, amma har yanzu ana samun mai ciro ragowar kafso daga jaka ya ba ɗan'uwa don kumburi.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya. Girman kumburi ba shi ne ma'aunin girman rauni ba. Yatsana ya cika kamar zai fashe, ba karaya. Raunukan da suka fi lalata hannu kuwa, da yawansu ba sa kumbura sosai, ɗan hakin da ka raina ne.

Ɗauki mutumin da santsin marmara ya kwashe a wurin alwala, ya dafe ƙasa da tafin hannu. Ya tashi, wuyan hannu na ɗan ciwo, kumburi kaɗan, yana iya motsa komai. Idan ka ɗaga babban yatsanka za ka ga ɗan rami a gindinsa, daidai wuyan hannu. Ƙarƙashin ramin akwai ɗan ƙashi mai siffar kwalekwale, likitocin nan suna ce masa zauraƙi, shi ne ya fi karyewa cikin ƙasusuwa 8 na wurin. Halinsa biyu ne masu ban tsoro. Karayarsa takan ɓuya a hoton ranar farko, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14 ko an yi hoton maganaɗisu. Sannan jini ta ƙarshensa na gaba yake shiga ya komo baya, idan ya karye a tsakiya ɓarin baya yana iya rasa jini ya ƙi haɗewa. Wanda aka gano da wuri jibs ne na makonni, wanda aka bari kuwa bayan shekaru yake dawowa da wuyan hannun da ya cinye. Duk wanda ya faɗi a kan tafi kuma danna ramin nan yana masa zafi, kada kalmar “hoto bai nuna komai ba” ta sa ya yar da tallafin hannun da aka ba shi.

Ga kuma na 'yan'uwanmu masu aikin gida da na otal. Ana cusa zanin gado ƙarƙashin katifa, kan yatsa ya tanƙware, a ji ɗan tsak. Ba wani ciwo, sai dai gaɓar ƙarshe ta sunkuya ta ƙi miƙewa da kanta. Yara masu tsaron gida a ƙwallo ma suna samun irinsa. Igiyar da ke miƙe kan yatsan ce ta tsinke daga ƙashi. Maganinsa ɗan tallafi ne da zai riƙe gaɓar a miƙe dare da rana, mako 6 zuwa 8, kuma idan ta sunkuya sau ɗaya a tsakiya, lissafi ya koma farko. A nan alwala ke shigowa. Mutum ya cire tallafin sau biyar a yini don ya wanke yatsa, ya yi wata biyu a banza. Malaman fiƙihunmu sun daɗe da yin bayanin shafa a kan jabira, wato abin da aka ɗaure rauni da shi, idan cire shi zai cutar. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, amma ya tambaya a ranar farko. Idan za a tsabtace fatar, a kwantar da yatsan a kan tebur a miƙe, a zare tallafin a mayar ba tare da ya lanƙwashe ba.

Wuƙar Layya ma haka. Yanka ƙarami a cikin yatsa, jini ya tsaya, fata ta haɗe cikin mako, sai daga baya a lura gaɓa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Bayan kowane yanka a gwada lanƙwasa kowace gaɓa ita kaɗai, a kuma shafa gefe biyu na kan yatsan a ji ko ji ɗaya ne. Igiyar da ta tsinke tana janyewa baya kamar roba, ɗinkinta a kwanakin farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Saurayin da ya kai wa wani naushi haƙori ya ɗan yanke shi a kan gaɓar dunƙule, yakan ɓoye dalilin don kunya, ya ce ƙarfe ne. Ya gaya wa likita gaskiya. Lokacin da hannu ke dunƙule haƙorin yana huda fata da jijiya har cikin gaɓa, da an buɗe hannun sai ramin ya rufe da ƙwayoyin cutar baki a ciki. Cizon kyanwa, ga su nan birjik a lungunanmu, shi ma rami ne siriri mai zurfi. Mafi muni shi ne na masu aiki a warsha, wato garejin gyare-gyare: bindigar fenti ko ta giris ta harbi yatsa, ramin kamar na allura, ciwo kaɗan, amma abin ya bi kuben jijiya ya shige har tafi. Wannan aikin tiyata ne na awoyi, jinkiri yana kai wa ga yanke yatsa.

Gwaji ɗaya da kowa zai iya yi a gida: dunƙule hannun a hankali ka dubi faratanka. Ya kamata su jeru suna kallon gindin babban yatsa. Idan yatsa ɗaya ya hau kan maƙwabcinsa, ƙashi ya karye ya murɗe, kuma murɗewa ba ta gyara kanta.

Idan ƙwayar cuta ta shiga, salon ciwon yakan canja. Zogi mai bugawa kamar zuciya da ke hana barci, zazzaɓi, kaluluwa a hammata, ciwo mai bin hannu yana hawa sama. Wani likitan tiyata na Shikago, Allen Kanavel, ya bar alamomi huɗu da ake gane cutar da ta shiga kuben jijiya: yatsa ya kumbura gaba ɗayansa kamar tsiran alade, ya tsaya a ɗan lanƙwashe, danna cikinsa daga gindi zuwa kai yana zafi, miƙe shi kuma azaba ce. Wannan ba karkare ba ne da za a jira ya nuna, ba kuma wurin sakiya ba ne. Mai ciwon suga ya rage kwanakin jiransa, domin a jikinsa cuta tana gudu, alamunta kuma suna zuwa a makare. Rauni mai datti, na ƙusa ko na ƙasa, yana neman allurar tetanus idan ta ƙarshe ta wuce shekara 5.

Na san dalilin da ya sa da yawa ba sa zuwa asibiti. Wani igamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, wani hannu baka hannu ƙwarya yake, yinin da bai fita ba babu cefane. Amma lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya ana samun likita a kanta dare da rana a yi masa bayani, 997 kuma ta motar agajin gaggawa ce. Wanda ke aiki a kamfani da rajistar Ta'aminat, wato hukumar inshorar ma'aikata, idan a bakin aiki ya ji raunin, ya sanar da mai aikin cikin kwana 7 ko da yana ganin ƙarami ne, domin wanda ya yi shiru sai bayan wata biyu hannu ya ƙi, zai sha wahalar tabbatar da inda abin ya faru.

To an duba, ba karaya, ba tsinkewa, kwana uku zuwa biyar sun wuce, kumburi ya tsaya. Daga nan hukuncin ya juya, kuma nan ne ni na yi asarar watanni. Na naɗe yatsan na hana shi komai, musabaha ma da hagu nake tarar mutane ina ba da haƙuri. Ashe hanyoyin da ke kwashe ruwan nan ba su da famfon kansu, motsi ne famfonsu. Duk dunƙulewa da buɗewa tana matse ruwan tana tura shi sama. Sabon naman da ake saƙawa kuma da farko a hargitse yake kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, ja da saki a hankali ne ke jera shi ta fuskar da za a yi aiki da shi. Shi ya sa likitocin hannu ba sa son tsayar da gaɓar yatsa fiye da mako 3 sai da dalili mai ƙarfi.

Yanzu ne ranar gashin Gwaggo. A tsoma hannu a ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, na 'yan mintoci, sannan a yi motsin. A miƙe yatsu tsaf. A lanƙwasa gaɓoɓi biyu na sama kawai kamar mai rataye leda. A dunƙule gaba ɗaya. A buɗe. Sau goma-goma, ni bayan kowace salla na ɗora wa kaina don kada in manta. Idan yatsan yana tsoron fita shi kaɗai, a haɗa shi da maƙwabcinsa da filasta sama da gaɓa da ƙasanta, da 'yar auduga a tsakani, lafiyayyen ya riƙa jan majinyacin. Shafa ma yanzu ta halatta, a hankali, daga kan yatsa zuwa wuyan hannu, ba akasin haka ba. Jin ɗaurewa da ɗan ciwon da ke lafawa bayan an gama ba komai ba ne. Ciwo mai suka, ko hannun ya wayi gari ya fi jiya cika, alamar an zarce ne, a rage, kada a daina.

Kowane nama da agogonsa. Fata mako ɗaya zuwa biyu. Ƙashin yatsa yakan haɗe wajen mako 6, amma ɗaukar kaya mai nauyi, irin tura keken marasa lafiya a Harami ko jidon kaya a kasuwa, sai wajen wata 3. Farcen da ƙofar mota ta datse, idan jini ya kwanta ƙarƙashinsa yana bugawa, ana huda shi a asibiti a kwana biyun farko a samu sauƙi nan take. Idan ya fita, sabo yana tsirowa kamar milimita 3 a wata, wato wata 4 zuwa 6 kafin ya rufe. Taba da shisha suna rage jinin da ke isa yatsu, suna ja wa ƙashi jinkiri. Gaɓar tsakiyar yatsa ita ce sarauniyar jinkiri, kumburinta yana kai wata 6 har shekara, ta fi ƙagewa da safe, ta fi cika a ranakun zafi ko bayan aiki. Wannan ba sabon rauni ba ne. Abin da ke neman komawa wurin likita shi ne hannun da bayan makonni ciwonsa ya koma ƙuna, ko iska ta taɓa shi sai an ji, launinsa da zufarsa suka bambanta da ɗayan, ko kuma mako 6 sun wuce babu wani ci gaba ko kaɗan.

Ido ba ya ganin sacewar da ke tafiya a hankali, shi ya sa mutum ke ɗauka ba ya samun sauƙi. Mai gashin ƙashin da ta duba ni ta ce in riƙa zagaya gaɓar da zare duk Juma'a da safe, in yi alama da biro, in kuma auna tazarar da ta rage tsakanin kan yatsan da tafi idan na dunƙule. Da farko yatsu biyu suna shiga tsakani, bayan wata biyu ɗaya, a wata na bakwai ya taɓa. Gaɓar dai ta fi ta hagu kauri har yau, tabon ciki ne, an ce mini mai yiwuwa haka za ta zauna. Zoben na kai wa maƙeri ya liƙe, ya ƙara masa ɗan faɗi, da sanyin safiya sai na ɗan murɗa shi kafin ya wuce.